Jadawalin aikin gini: yadda injiniya zai tsara shi, ya bi shi, ya kare shi

Injiniya na iya shafe shekaru yana duba ɗaurin rodi, yana sa ido kan zubin kankare, yana sa hannu a takardun gwaji, amma ranar da aka damƙa masa aiki sukutum aka ce ya faɗi ranar gamawa, sai ya shiga lalube. A makaranta ana zurfafa lissafin ƙarfin ginshiƙi da nauyin da gada za ta ɗauka, lissafin lokaci kuwa taɓa shi kawai ake yi a wuce. Alhali shi ne ke raba mai kula da ɓangare ɗaya da wanda ake ba riƙon aiki gaba ɗaya.

Zanen sanduna da aka sani da sunan Henry Gantt tun shekarun 1910 yana nuna ranar da kowane aiki zai fara da ranar da zai ƙare, amma ba ya nuna wane aiki ne ke jiran wane. Wannan giɓin aka cike a 1957, lokacin da Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka fito da tsarin CPM, wato lissafin da ke gano jerin ayyukan da ke yanke ranar gamawa. A 1958 rundunar sojan ruwa ta Amurka ta fito da wani tsari makamancinsa mai suna PERT don aikin makamai masu linzami na Polaris. Abin da manhajojin kwamfuta irin su Primavera P6 da Microsoft Project ke yi a yau wannan lissafin ne, saurin ne kawai ya fi. Wanda bai iya shi da fensir ba, manhajar za ta ba shi amsar ƙarya cikin launi mai kyau, kuma ba zai gane ba.

Fara da takardar kwangila

Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka fitar da abubuwa huɗu daga kwangilar: ranar farawa, wa'adin gamawa, kuɗin da za a cire wa ɗan kwangila a kan kowace ranar latti, da abubuwan da mai aiki ya ɗauki alhakin bayarwa, kamar fili, zane, ko kawar da turakun lantarki da bututan ruwa. Idan aikin yana da sassan da za a miƙa a ranaku daban-daban, kowane sashe ya samu tasa alamar.

A Jan Littafin FIDIC na 1999, wato samfurin kwangilar gini da ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya ta fitar, sashe na 8.3 ya ba ɗan kwangila kwana 28 daga samun sanarwar fara aiki ya miƙa cikakken jadawali, injiniyan mai aiki kuma yana da kwana 21 ya faɗi inda ya saɓa wa kwangila. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cike fom. Jadawalin farkon nan shi ne ma'aunin da za a gwada duk wani jinkiri da shi nan gaba. Idan ba ka rubuta a ciki cewa kana buƙatar fili a mako na uku ba, zai yi maka wuya ka nuna cewa rashin filin a mako na biyar ya cuce ka. Ka kuma karanta sharuɗɗan musamman, domin a nan ake sauya waɗannan kwanakin.

Gutsuttsura aikin

Raba aikin gida-gida, sannan kowane gida ka raba shi har ka kai ga guntun da ƙungiya ɗaya za ta yi a wuri ɗaya ƙarƙashin mutum ɗaya. "Ginin magudanar ruwa" bai isa layi ba. "Haƙa magudana daga kilomita 2 zuwa 2.5, ɓangaren hagu" layi ne, domin ana iya zuwa a tsaya a kai a ce an gama ko ba a gama ba. Ga aikin da ake bibiya mako-mako, guntun da ya wuce mako biyu zuwa uku ya yi tsawo.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ayyukan da ba a ganinsu a fili: miƙa samfurin kaya da jiran amincewa, zanen lanƙwasa rodi, odar kaya da kwanakin da za su yi a hanya, gwajin haɗin kankare wanda sakamakonsa sai bayan kwana 28, izinin rufe hanya, kiran mai duba aiki kafin zubi. Ba sa cikin takardar ƙididdigar kaya, shi ya sa wanda ya kwafo jadawalinsa daga waccan takardar yake mantawa da su.

Kwanaki daga lissafi suke fitowa

Ƙa'idar ɗaya ce: yawan aiki a raba da abin da ƙungiya ke yi a rana. Wahalar tana wajen samun adadi na biyun na gaskiya.

A ɗauka za a haƙa ramin kwalbati mai kubik mita 600. Wanda ya dubi ƙarfin injin haƙa kaɗai zai ce kwana biyu. Amma ƙasa tana kumbura idan aka tono ta, galibi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don haka abin da tifa za ta kwashe ya kai kubik mita 750. Idan tifar tana ɗaukar kubik 10, zuwa da dawowa minti 40, kuma awa 7 ne na aiki tsantsa a cikin yini, sawu 10 za ta yi, wato kubik 100. Tifa ɗaya kwana 8 ke nan, injin kuwa mafi yawan yininsa a tsaye yake yana cin kuɗin haya. Tifa biyu kwana 4, a ƙara kwana ɗaya na gyara ƙasan rami da hannu, ya zama 5. Tifa ce ke yanke kwanakin, kuma wannan sai an zauna an yi lissafi ake ganinsa.

Haka ake yi da rodi. Nauyin mita ɗaya a kilo shi ne kaurinsa a milimita sau kansa a raba da 162: mai milimita 12 kilo 0.89, mai 16 kilo 1.58. Tan ɗaya na siririn rodi ya fi tan ɗaya na kakkaura cin lokaci nesa ba kusa ba, saboda yawan sanduna da yawan ƙulli. Kada ka yi amfani da adadi ɗaya na tan a rana ga daɓe da ginshiƙi da matakala.

Ka tambayi foman da shugaban masu ɗaurin rodi, amma ka iya tambayar. Idan ka ce "kwana nawa?" za ka samu amsar da yake ganin kana so. Tambaye shi mutum nawa zai sa, me suka yi a rana a aikin da ya gabata, me ya tsayar da su. Inda babu tabbas sosai, dabarar PERT tana da amfani: ɗauki mafi sauri, da wanda aka fi zato sau huɗu, da mafi muni, ka haɗa ka raba da 6. Mafi sauri 4, wanda aka fi zato 6, mafi muni 14, sai ya ba ka 7. Kada kuma ka ɓoye kwana ɗaya-biyu na "ko da wani abu" a cikin kowane layi. Ma'aikata za su cinye su. Ajiye su wuri guda a ƙarshe inda kowa ke gani.

Ɗaura su a sarƙa

Ga kowane layi, tambaya biyu: me ya zama dole a gama kafin a fara wannan, me kuma ke jiransa? Ban da layin farko da na ƙarshe, bai kamata a samu wanda ba shi da na gaba da na baya ba.

Mu ci gaba da kwalbatin. Awo da kafa turaku kwana 2. Karkatar da ruwa da hanya kwana 4. Haƙa kwana 5. Kankaren shimfiɗa kwana 1. Waɗannan suna bin juna, jimilla 12. A gefe guda, odar rodi da isowarsa kwana 14, yanka da lanƙwasa kwana 4, jimilla 18. Daɓen ƙasa yana buƙatar rami da rodi duka, don haka ba zai fara ba sai rana ta 18. Kwana 4 ne, ya ƙare a 22. Bango kwana 7, ya kai 29. Rufi kwana 6, ya kai 35. Jiran kankare ya yi ƙarfi, a ɗauka kwana 14, ya kai 49. Ciko da dannewa kwana 6, aiki ya ƙare a rana ta 55.

Wannan shi ne lissafin gaba. Sai na baya: ka fara daga 55 kana cirewa. Ciko dole ya fara a 49, jira a 35, rufi a 29, bango a 22, daɓe a 18. Kankaren shimfiɗa zai iya bari har 17, haƙa har 12, karkatar da ruwa har 8, awo har 6. Bambancin da ke tsakanin ranar da aiki zai iya farawa da ranar da ya zama tilas ya fara shi ne rararsa. Layin rami yana da rarar kwana 6. Layin rodi ba shi da ko ɗaya, kuma shi da duk abin da ya biyo bayansa su ne doguwar sarƙa: kwana ɗaya ya zame a cikinta, ranar gamawa ta zame.

A makon farko hankalin kowa yana kan injin haƙa, shi ke ƙara, shi ake ɗauka hoto. Amma abin da ke riƙe da aikin wata takardar oda ce da ke kan teburin wani tana jiran sa hannu. Kuma gaggawar haƙa ba ta da riba, hasara ma take jawowa: ramin da ya zauna a buɗe kwana 6 yana tara ruwa, gefensa yana zaftarewa, ƙasansa yana laushi, sai an sake gyara. Ya fi kyau a ja haƙar baya da kwana uku ko huɗu, a bar sauran rarar don tsaro.

Rarar nan kuma ta sarƙar ce baki ɗaya, ba ta kowane layi ba. Idan masu karkatar da ruwa suka ci kwana 4 a ciki, kwana 2 ya rage wa masu haƙa. Manhaja za ta nuna 6 a gaban kowane ɗayansu, kowa ya ɗauka nasa ne.

Abu biyu game da ranaku. Kankare ba ya hutun ƙarshen mako, don haka kwanakin jiransa a kalanda mai kwana bakwai ake sa su, aikin mutane kuma a kalandar ranakun aiki. Sannan kwana 14 ɗin can zato ne. Abin da ke ba da izinin cire katako ko ɗora nauyi shi ne ƙa'idar da ke cikin takardun aikin da sakamakon gwaji. Da siminti na yau da kullum, ƙarfin kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28, amma sanyi da nau'in siminti suna rage shi. Mai dabara yakan zuba ƙarin kubob, wato ƙananan dunƙulen kankare na gwaji, ya ajiye su kusa da ginin, a yanayi ɗaya da shi, a fasa su a kwana na 7 ko na 10. Idan sun kai, ya samu hujjar neman izini da wuri.

Tankaɗe kafin a miƙa

Sarƙa tana iya yin daidai a lissafi amma ta gagara a fili. Idan layi uku suna buƙatar injin ɗaga kaya (kuren) ɗaya a mako ɗaya, ko kafintoci 30 alhali 12 kake da su, jadawalin ƙarya ne. Ka jera buƙatar mutane da injuna mako-mako, ka matsar da masu rara har cunkoson buƙatar ya kwanta. Ka duba kuma ko cikon ƙasa da zuba kwalta sun faɗa tsakiyar lokacin ruwan sama. Ruwan da aka saba yi duk shekara naka ne ka sa shi a lissafi. FIDIC tana ba da ƙarin lokaci ne kawai a kan yanayin da ya fita daga abin da aka saba.

Hukumar DCMA, mai kula da kwangilolin ma'aikatar tsaron Amurka, tana da gwaji mai maki 14 da masu tsara jadawali ke amfani da shi ko'ina. Cikinsu akwai cewa layukan da ba su da na gaba ko na baya kada su wuce kashi 5 cikin ɗari, aƙalla kashi 90 na ɗauri su zama irin "gama wannan, fara wancan", kuma aikin da ya wuce ranakun aiki 44, ko rarar da ta wuce haka, abin tuhuma ne. Rara mai yawa galibi alama ce ta ɗaurin da aka manta. Ka kuma guji ƙusance ranaku da hannu a cikin manhaja. Ranar da aka kafe ba ta motsi ko da abin da ke gabanta ya makara, sai jadawalin ya yi ta nuna lafiya lau.

Bibiya

Adana jadawalin da aka amince da shi kada a taɓa, a yi aiki da kwafinsa. Kowane mako, a rana ɗaya tsayayya, ka shigar da abu uku ga kowane layin da ke gudana: ainihin ranar da ya fara, ainihin ranar da ya ƙare idan ya ƙare, da kwanakin da suka rage. Na ukun ne mai muhimmanci. "An yi kashi 90" magana ce da ke iya zama wata guda ba ta motsa ba. "Saura mita 140, muna yin 35 a rana" kwana 4 ne, kuma kowa zai iya zuwa ya auna. Bayan shigarwa ka sake lissafi, domin doguwar sarƙa tana sauya hanya.

Babban jadawali bai dace da hannun foman ba. Daga cikinsa ake ciro na makonni shida masu zuwa, a bi kowane aiki ana tambaya: zane ya iso? Kaya suna ƙasa? Akwai mutane, injin, izini, hanyar shiga? Aikin da ke gabansa ya kammala? Wanda ya tsallake duka shi kaɗai ke shiga alƙawarin mako. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin Last Planner da Glenn Ballard da Greg Howell suka haɓaka a shekarun 1990. A ƙarshen mako a ƙirga: an yi alƙawari 20, an cika 13, kashi 65 ke nan, kuma wanda aka kusa gamawa ba ya shiga ƙirga. Sai a rubuta dalilin kowane ɗaya daga bakwai ɗin. Bayan wata biyu dalilan da kansu za su nuna inda ciwon yake.

A yi hattara da auna ci gaba da kuɗi kaɗai. Ana raba ƙimar aikin da aka yi da ƙimar wanda aka tsara yi, idan ya kai 1 a ce ana kan lokaci. Amma ɗan kwangila zai iya zuba ayyuka masu tsada da ba sa kan doguwar sarƙa, adadin ya yi kyau, ranar gamawa kuwa tana ta ja da baya.

Idan jinkiri ya zo

A nan ake asarar haƙƙi saboda kunya ko sakaci. Sashe na 20.1 na FIDIC ta 1999 ya ce a ba da sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da aka san abin, ko ya kamata a sani. Idan kwanakin suka wuce, babu ƙarin lokaci, babu ƙarin kuɗi. Cikakken bayani kuma cikin kwana 42. Bugun 2017 ya bar 28 ɗin, ya mayar da 42 zuwa 84. A kwangilolin NEC, wani samfurin kwangila na Birtaniya, wa'adin galibi mako takwas ne. Maganar baki a wurin aiki ba sanarwa ba ce, kuma kada ka dogara da cewa an ambata a taro. Wasiƙa ce gajeriya: abin da ya faru, ranar, sashen kwangilar da ka dogara da shi, aikin da ya shafa. Ba faɗa ba ne, kuma injiniyan da ya san aikinsa ba zai ɗauke ta haka ba.

Hujjarka littafin yau da kullum ne: yanayi, adadin mutane a kowace sana'a, injunan da suka yi aiki da waɗanda suka tsaya da dalili, umarnin da aka bayar, hotuna masu kwanan wata. A rubuta a ranar. Sannan ka saka jinkirin a jadawalin da aka sabunta dab da faruwarsa ka sake lissafi. A kwalbatinmu, idan mai aiki ya makara da kwana 4 wajen ba da izinin karkatar da hanya, ranar gamawa ba ta motsa ba, rara ce ta sha. Idan kwana 10 ne, 4 kawai suka taɓa ƙarshen aiki.

Idan kuma laifin naka ne kana son cike giɓi, a doguwar sarƙa kaɗai ake kashe kuɗi. Raba odar rodi biyu, a fara kawo na daɓe cikin kwana 8, aiki ya dawo 49. Ƙasa da haka ba riba, domin sarƙar ta koma kan rami. Ƙarin awanni yana taimakawa na mako ɗaya ko biyu, daga nan gajiya da kurakurai su cinye ribar. Cusa mutane a ƙuntataccen wuri ma haka. Ciko kuwa ba a yi masa gaggawa: shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, kowace milimita 150 zuwa 200, gefe biyu na kwalbatin suna tashi tare, a gwada dannuwar kowace kafin a ɗora wata. Wanda ya zuba rabin mita lokaci guda zai ga hanya ta lotsa a bakin kwalbatin.

Yadda ake samun hannu

Ba sai an ba ka muƙami ba. Ɗauki ɓangaren da kake kula da shi yanzu, ka fitar da layi 20 zuwa 30, ka yi lissafin gaba da baya a takarda, ka rubuta ranar da kake hasashen gamawa. In an gama ka gwada, ka nemo layin da ya yaudare ka. Bayan ka yi haka da hannu sai ka koma manhaja. Ka roƙi mai tsara jadawalin kamfani ya bar ka ka zauna kusa da shi ranar sabuntawa.

Ka kuma buɗe littafinka na kanka na abin da ƙungiyoyi ke yi a rana: mutum nawa, wane injin, wace irin ƙasa, mita nawa. Adadin da ka auna da idonka ya fi na kowane littafi dacewa da aikinka na gaba. Ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICE, ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya wadda aka kafa a 1818, suna neman shaidar cewa mai neman rajista ya taɓa tsara aiki da kula da lokaci da kuɗi, ba ƙira kaɗai ba, kuma suna son ganin rubutaccen tarihin ƙarin ilimin da yake yi. Mai takardar PMP, shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka da cibiyar PMI ta Amurka ke bayarwa, sai ya tara maki 60 na ƙarin ilimi duk shekara uku kafin ya sabunta ta. Don haka duk jadawalin da ka yi, ajiye kwafin farko, da sabuntawa biyu ko uku, da shafi ɗaya da ke bayyana shawarar da kai da kanka ka yanke da dalilinta, bayan ka cire sunaye da alƙaluman da kamfani bai yarda a fitar ba.